Shayin 'Yan Lodi

Duk wanda ya san Tike, kasuwar shanun Mubi, ya san Abdulmumini mai igiya. Shi ne shugaban 'yan lodin da ke ɗora wa Alhaji Kaumi shanu a tirela, waɗanda ake kaiwa Kudu. Aikin ba na wasa ba ne, domin sa ba ya hawa mota don an roƙe shi. Kora shi ake yi zuwa tudun ƙasar da aka tara daidai bakin tirela, wasu su murɗa jela, wasu su tura ta baya, mutum ɗaya kuma ya tsaya a gaba riƙe da igiyar ƙaho, yana ja da baya yana kallon idon dabbar. Idan hannun wannan mutumin ya yi sanyi, ko dai san ya faɗo ya karye, ko ya soke wani. Shi ya sa a Tike ba a zaɓen shugaba. Wanda ya riƙe igiya shi ne.

Abdulmumini ya riƙe ta tun yana saurayi har ya haura arba'in, kuma ba a taɓa jin dabba ta karye a hannunsa ba.

Akwai wata al'ada kuma da ke tafiya tare da igiyar. Da sassafe, kafin a taɓa ko da jela, ana ɗora babbar buta a kan gawayi, a zuba ganyen shayi da citta da kanumfari da sukari mai yawa, sannan a buɗe kafson tiramol a juye garinsa a ciki. Shugaba ne ke saye, shi ne kuma ke shan kofin farko a tsaye, sauran su biyo baya bisa girma. Suna kiransa shayin lodi, kuma da sunan suka ruɗi kansu. Abdulmumini mutum ne mai sallah. Idan ya ga samarin bakin tasha suna haɗiyar ƙwaya yakan kawar da kai ya ce Allah ya shirya. Bai taɓa sa kansa a layinsu ba. Su ƙwaya suke sha, shi shayi yake sha. Wauta ce tsagwaronta, sai dai da yake dukansu sun taru a kanta, babu mai gaya wa wani.

Ciwon bai zo masa rana ɗaya ba. Da fari gajiya ce wadda barci ba ya kawar da ita. Daga nan damatsansa suka fara sakewa, tumbi ya fito, ƙirjinsa ya yi wani nama da ba ya son a gani, har ya daina tuɓe riga a wurin aiki yana cewa rana ce ke ƙona shi. Wanzaminsa ya ce masa gemun ya rage saurin tohowa. Yakan yi fushi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya zauna shiru zuciyarsa babu daɗi, babu dalili. A gida kuwa sha'awar matarsa ta ɗauke masa ɗif, ba faɗa, ba ƙiyayya. Maganin da ya sani ɗaya ne, ya sa a ƙara kafso a buta.

Bayan Ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, ranar kasuwa, abin ya fito fili. Ba wani ƙaton bijimi ba ne, karsana ce 'yar madaidaiciya. Ta kai tsakiyar tudu ta fizgi kai, igiyar ta zame daga hannun Abdulmumini kamar an shafa mata mai, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin kashin shanu. Karsanar ta sulluɓo ta gefen tudun, ƙafarta ta gaba ta karye. Nan take aka kira mahauta.

Kwaji, mataimakinsa, wani ɗan Vimtim mai faɗin kafaɗa da tsawon harshe, shi ya miƙa masa hannu.

"Oga, karsana ne fa ya zaunar da kai," in ji shi. "Da bijimi ne sai mu ɗauko ka can garin Gella."

Aka yi dariya. Abdulmumini bai yi ba.

Alhaji Kaumi yana zaune a rumfarsa ya ga komai. Babarbare ne, iyayensa suka zo daga Barno, kuma da yake Abdulmumini Bafulatani ne, tsakaninsu kullum wasa ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa.

"Kai bawana, zo nan."

"Ga ni, Alhaji."

Da Kaumi ya ji bai rama ba, sai ya ajiye wasan.

"Abdulmumini, ba asarar yau ce ta dame ni ba. Na daɗe ina kallonka. Kana huci tun kafin hantsi. Kasuwar Babbar Sallah tana zuwa, ka san yadda motoci ke layi. A ranar, idan hannunka bai iya riƙe igiya ba, zan ba wani. Na gaya maka yanzu don kada ka ce na yi maka ba-zata."

"Na ji."

"Me ke damunka?"

"Ba komai."

"To ba komai ɗin nan ya karya mini karsana. Ka je ka nemi maganinsa."

Mutumin da ya tashi cikin shanu da shanu yake auna komai, har kansa. Da aka tashi daga aiki, Abdulmumini ya tsaya a bakin wani garke yana kallon wani dandaƙaƙƙen sa. Wuya ya sirance, tozo ya kwanta, kitse ya taru a ciki da ƙirji, shanu mata na gilmawa ta gabansa yana tuƙa abinsa, ko kunne bai ɗaga ba. Abdulmumini ya dubi kansa. Duk abin da ke jikin dabbar nan yana jikinsa.

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai shagon Bappa Sajo, tsohon da ke sayar da maganin dabbobi a ƙofar kasuwa.

"Bappa, allurar nan da ake yi wa sa idan ya yi sanyi, ya daina hawa, ita nake so."

"San wa?"

"Na wani ne."

"Shekararsa nawa?"

"Ya manyanta."

"Nauyinsa fa? Da nauyi ake aunawa."

"Kamar... kamar nawa haka."

Sajo ya sauke tabarau ya dube shi daga hula har takalmi.

"San nan yana sallah?"

"Bappa, don Allah."

"San nan yana zaune a Wuro Patuji, yana da mata da 'ya guda? Fita mini daga shago, ɗana. Ni na riƙe maka kai ranar da aka yi maka aski na suna, ba zan zama wanda ya tsira maka allurar dabba ba. Asibitin mutane yana can."

Ya koma gida da la'asar. Matarsa Aisatu tana zaune a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Labarin karsana ya riga shi isowa, kamar yadda labarin Tike ya saba. Ta kawo masa ruwa, ta bari ya sha, sannan ta koma kan tabarmarta.

"Baban Nafisat, tambaya zan yi, kada ka tashi."

"Ina ji."

"Na yi maka wani laifi ne?"

"Wane irin laifi?"

"Ka san abin da nake nufi. Mun daɗe kamar wa da ƙanwa a gidan nan. Idan daga gare ni ne, faɗa mini in gyara. Idan ba ni ba ce, to ciwo ne."

Ya ajiye moɗar. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"An dandaƙe ni, Aisatu. Ba da guduma ba, da asiri. Na san alamun, aikina ne. Wani yana son igiyar nan."

Ta ci gaba da ɓara, ba ta ko ɗago ba.

"Wa zai kai wa boka kuɗinsa don ya gaji tsayuwa a gaban ƙaho? Kai ba sa ba ne. Gobe za mu asibiti, ni zan raka ka. In ka ƙi, zan je ni kaɗai in faɗa wa likita komai, da sunanka da na ubanka."

Ya san za ta aikata. Don haka ya je.

Likitan da suka samu sunansa Edwin, ba shi da yawan shekaru, ba shi da yawan kewaye-kewaye. Ya saurare shi, ya auna shi, ya duba ƙirjin da Abdulmumini ke ɓoyewa ba tare da ya canza fuska ba. Ya ce a ɗebi jini da sassafe kafin a ci komai, domin sinadarin da yake nema da safe ya fi yawa a jini, kuma a sake ɗiba wata safiyar don kada a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Ya sa a duba sukari da wasu abubuwan.

Da suka koma karɓar sakamako, ya ce musu, "Akwai sinadarin da jikin namiji ke yi, sunansa testosteron. Shi ke riƙe da ƙwanji da ƙashi da sha'awa, har da walwalar zuciya. Naka ya yi ƙasa ƙwarai, duka sau biyun. Sukarinka ya ɗan ɗaga amma bai kai ciwo ba. Yanzu dalili nake nema. Kana shan wata ƙwaya?"

"A'uzu billahi. Ni?"

"Giya? Taba?"

"Ban taɓa ba. Shayi kawai."

"Wane irin shayi?"

"Shayi dai."

Aisatu, da ke zaune a gefe da jakarta a cinya, ta ce, "Faɗa masa abin da ake zubawa."

"Ke kuma me kika sani?"

"Ni nake wanke rigunanka. Ɓawon kafso nake tsinta a aljihu."

Likita ya tambayi sunan kafson, da yawan da ake zubawa, da shekarun da aka yi ana sha. Da ya ji amsa sai ya ajiye alƙalami.

"Malam Abdulmumini, ba wanda ya yi maka asiri. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa 'ya'yan maraina umarni su yi sinadarin nan. Tiramol, idan aka daɗe ana sha kullum, yana toshe umarnin. Ko a baki ka watsa shi, ko a shayi ka narka shi, jini bai san bambanci ba. Abin da kake sha don ƙarfi shi ke cinye ƙarfin."

Abdulmumini ya ji kamar an kwaɗa masa mari a gaban matarsa. Gara a ce asiri ne. Mai asiri ana iya zaginsa.

"To a yi mini allurar sinadarin. Na ji akwai."

"Akwai. Wasu mazan ita ce maganinsu har ƙarshen rayuwa, kuma ba abin kunya ba ne. Amma kai ba da ita za mu fara ba. Muddin ana yin ta tana rage ƙwayoyin haihuwa. Kuna son ƙarin 'ya'ya?"

"Muna so," in ji Aisatu, kafin ya buɗe baki.

"To. Mu cire abin da ya toshe hanya mu ga ko jikin zai tashi da kansa. Sau da yawa yana tashi. Kada ka yanke rana ɗaya, yana da haɗari. Zan tsara maka yadda za ka riƙa ragewa, maganin ya zauna a hannun maiɗakinka, ba a aljihunka ba. Ka rage sukari, ka ci wake da ƙwai da ganye, ka yi barci da wuri. Za ka sha wuya kafin ka ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Idan mun sake gwaji bai motsa ba, sai mu yi maganar allura."

"Kafin Babbar Sallah zan dawo daidai?"

"Jiki bai san Sallah ba. Wani makonni, wani watanni."

A hanyar gida, cikin keke, Abdulmumini yana ta juya maganar likita a ransa. Ba wuyar da aka ambata ce ke cin sa ba. Kofin farko ne. Shugaban da ya ƙi shan kofin farko ya faɗa wa duniya da bakinsa cewa ya sauka.

Ranar kasuwa ta zagayo. Buta ta tafasa, aka juye kafso, Kwaji ya cika kofi ya miƙo masa. Abdulmumini ya ɗaga hannu.

"Azumi nake. Sitta Shawwal."

Aka ce Allah ya karɓa, aka sha babu shi. Ƙaryar ta yi masa aiki, amma ta kwana tana cizonsa. Mutumin da ya fake da ibada don ɓoye ciwo ya haɗa wa kansa cuta biyu, kuma Abdulmumini ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Kasuwa ta gaba, Kwaji ya miƙo kofin yana murmushi.

"Oga, ko yau ma azumi ne? Naku shidan nan ba ya ƙarewa?"

Abdulmumini ya karɓi kofin, ya ajiye shi a ƙasa.

"Ku matso. Wancan makon ba azumi nake ba, ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Na je asibiti. An gwada jinina. Sinadarin da ke sa namiji ya zama namiji ya yi ƙasa a jikina. Shi ya sa karsana ta kayar da ni. Shi ya sa nake huci. A gida ma ba na iya komai, ku ji da kyau, don kada wani ya je yana raɗa. Likita ya ce abin da muke zubawa a butar nan ne ya jawo."

Can wani ya tuntsire da dariya ta baya, wasu suka bi. Kwaji ya dafe ƙirji.

"Wayyo Oga! To mu haɗa kuɗi mu saya maka zane?"

"Ka sayi biyu, Kwaji. Na lura kai ma bana ba ka tuɓe riga."

Dariyar ta juya kan Kwaji gaba ɗaya, har da masu buga ƙafa. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba, kuma wasu daga cikin masu dariyar sun kasa haɗa ido da kowa.

"Daga yau," in ji Abdulmumini, "ganye da citta da sukari ni zan saya, kamar kullum. Kafso ban ƙara saya wa kowa. Wanda yake so ya saya da kuɗinsa, ya zuba a kofinsa, ba a buta ba. Na gaya muku abin da yake yi. Kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke da ka, ya je ya ga likita. Zubar da wannan, a ɗora sabo."

Aka yi gunaguni, amma aka zubar. Da sabon ya tafasa ya sha kofin farko a tsaye, shayi zalla.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Gumi ya riƙa karyo masa cikin sanyin safiya, ga hamma, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa. Wata rana ya yi wa Aisatu tsawa a kan ta ƙara masa kafso ɗaya, ta ɗaure ƙullin maganin a bakin zanenta ta ce ya zo ya kwance in ya isa. Bai isa ba. A Tike ya miƙa wa Kwaji igiya da hannunsa, ya ce aro ne, ya koma gefen tudu yana ba da umarni. Lodi ya rage sauri, domin rabin mutanen sun bi shi sun fara ragewa, rabi suna zuba nasu a ɓoye. Masu lodin wasu Alhazan suka sa masa suna Hajiya. Yana ji, yana wucewa. Kaumi yana rumfarsa yana kallo.

Sannu a hankali abinci ya fara yi masa daɗi. Ya fara tashi sallar asuba ba tare da jin kamar an danne shi da buhu ba. Ranakun da babu kasuwa yakan tafi gonarsa a bakin mayo, wato kogi, ya yi sharar daji har hantsi, yana jin hannuwan suna dawowa kaɗan-kaɗan. Wata safiya ya farka ya tarar jikinsa ya tuna abin da ya manta. A ranar, da waƙa Aisatu ta yi shara. Da aka sake gwajin jini, likita Edwin ya ce sinadarin ya taso, bai kai inda ake so ba tukuna, amma yana kan hanya, babu buƙatar allura a yanzu.

Haka kasuwar Babbar Sallah ta same shi, rabi ya warke, rabi bai warke ba.

Tun asuba tireloli suka yi layi har bakin titi. An yi yayyafi, tudun lodi ya yi santsi. Abdulmumini yana ɗaure bakin wandonsa sai Kwaji ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ajiye wani kofi a tsakaninsu, ya rufe shi da tafin hannu.

"Oga, yau kaɗai. Ba wanda ya gani. Ni ba na son igiyar ta wannan hanya, wallahi. Ka sha ka riƙe abinka, gobe ka koma maganar likita."

Abdulmumini ya kalli kofin. Ya san abin da zai yi masa. Zai ɗauke shi har magariba bai ji komai ba, Kaumi ya yi murmushi, masu kiransa Hajiya su haɗiye harshensu. Bakinsa har ya tara yawu.

"Na gode, Kwaji. Ɗauke."

"Oga..."

"Na ce ɗauke. In zan faɗi, in faɗi da ƙafata."

Ya miƙe, ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan shinge. Ƙirjin bai gama komawa ba, kowa ya gani. Ya naɗe igiya a hannu ya hau tudu.

Shanun farko suka hau lafiya. Yana ja yana magana da su da Fillanci ƙasa-ƙasa, yana jin nauyin kowanne a kafaɗarsa yadda ya daɗe bai ji ba, domin a da shayin ke rufe masa jin. Mota ta kusa cika aka koro wani jan bijimin Bororo, ƙahonsa kamar hannuwan mai addu'a. Ya kai tsakiyar tudu ya kafe. Aka murɗa jela, ya yi gurnani ya fizgi kai gefe, daidai inda karsanar nan ta faɗa. Igiyar ta ci naman hannun Abdulmumini. Ƙafarsa ta zame a taɓo, ya dasa diddige, ya sassauta masa kamu ɗaya har bijimin ya ɗauka ya kuɓuta, sannan ya fizgo kan ya miƙe da hanya.

"Yanzu! Ku tura!"

Suka tura. Bijimin ya faɗa cikin mota da gudu, aka ɗaure ƙahon a jikin gungumen da aka gicciya a motar. Da aka rufe ƙofar tirelar 'yan lodin suka yi ihu, har waɗanda ba na Kaumi ba suka leƙo.

Mota ta biyu ta ja baya ta tsaya. Ya ɗora 'yan kawuna, sai ya ji yatsunsa sun fara mutuwa. Ya san alamar. An riga an koro wani sa, yana gindin tudu.

"Ku dakata!" Ya ɗaga murya yadda har rumfar Kaumi an ji. "Kwaji, hau ka karɓa. Ƙarfina na yau ya ƙare."

Bai jira wani ya ce masa sannu ba. Ya sauko, ya wanke hannunsa da ya yi jini, ya ɗaure da tsumma, ya tsaya a gefen tudu yana faɗar wanda za a koro da inda za a ɗaure shi. Haka aka yi ta yi har rana ta karkata.

Ana lodin motar ƙarshe Kaumi ya aiko a kira shi.

"Mota ɗaya da 'yan kai," in ji Kaumi, yana jan carbi. "Da kana cika huɗu ka nemi ta biyar."

"Huɗun nan ba ni nake cikawa ba, Alhaji. Wannan ɗayar tawa ce."

"Na ce maka in hannunka bai riƙe ba zan ba wani."

"Ka faɗa. Ga Kwaji can, ya iya. Ni na koya masa."

"Ba za ka roƙe ni ba?"

"A'a."

Kaumi ya kalli layin motocin da aka rufe, babu dabba ko ɗaya a ƙasa, babu mahauci ko ɗaya da aka kira.

"Wancan karon ka riƙe har karsana ta kayar da kai, na yi asara. Yau ka saki tun kafin. Ni ɗan kasuwa ne, na san wanda ya fi mini araha." Ya mayar da carbin aljihu. "Motar farko taka ce kowace kasuwa. Sauran ka ba wanda ka ga dama. Amma bakinka ake ji har a rufe ta ƙarshe, ko igiya na hannunka ko ba ta hannunka. Wanda bai yarda ba ya nemi wani Alhajin."

"A Tike ba a taɓa yin haka ba."

"A Tike ba a taɓa yin Bafulatanin da ya tsaya gaban jama'a ya faɗi ciwonsa ba. Ku da ko yunwa ba ku yarda kuna ji. Mako mai zuwa biyu za ka yi mini."

"Ɗaya da rabi. Likita ya ce a hankali."

"Ji bawa yana yi wa ubangidansa ciniki!"

"Babarbare, tun yaushe bawa ke zama a inuwa ubangida yana rana? Ka ci gaba da jan carbi, ka bar maza su yi aiki."

Kaumi ya kece da dariya har hularsa ta karkace. Abdulmumini ya juya ya nufi tudu. Tun daga nesa ya hango an koro wani sa mai ƙaho ɗaya a karye, wanda ya kamata a bari sai ƙarshe.

"Kai! Wa ya ce a kawo wannan yanzu? Ku mayar da shi, ku koro farin can. Kwaji, gajarta igiyar, ka ba shi tsawo da yawa!"

"To, Oga!" in ji Kwaji, ya gajarta.